Kafin a goya wa mai gadi injin hura ganye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili a jaridarka in yi magana da masu manyan gidaje, masu otel da shugabannin ma'aikatu na nan Damagaram a kan wani inji da ya fara shigo mana. Shi ne injin nan mai shan fetur da ake goyawa a baya ko a riƙe a hannu, mai dogon bututu da ke hura iska ya kore ganye da shara. Sana'ata gyaran ƙananan injuna ce, janareto da injin ban ruwa na masu lambu da zarton inji. Yanzu ga wannan ana kawo mini, kuma mai kawo shi ba shi ne mai sayensa ba. Mai gadi ne, ko yaron da ke kula da furanni. An miƙa masa an ce ga abin shara, ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Takardar da ke cikin kwalin da Faransanci take ko Turanci, shi kuwa bai yi lakwal ba.

Injin yana da amfani, ban musa ba. Duk wanda ya taɓa share farfajiya mai itatuwan bedi a lokacin da suke zubar da ganye ya san yadda tsintsiya ke cin ƙugu. Amma sauƙin da aka samu a ƙugu, kunne ne ke biyansa, kuma wannan shi ya fi damuna.

Injin goyo yana zaune ne daf da ƙeya, bai fi kamu ɗaya da kunne ba. Ƙarar da yawa daga cikinsu tana kai wajen desibel 100 a kunnen mai aiki (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 ga mai aikin awa 8, idan kuwa ƙara ta kai 100 lokacin yana sauka zuwa minti 15 kacal. Mai gadi yakan yi awa guda cur yana zagaya gida da shi. Akwai wani dattijo mai gadi da ke kawo mini nasu gyara. Duk sanda na yi masa magana sai ya karkato da kai ya miƙo kunne ɗaya yana kallon bakina. Ya ce mini in ya kashe injin yakan yini yana jin wani siii a cikin kai, da dare kuma abin ya fi tsanani. Shi a ganinsa tsufa ne, ni kuwa injin nake zargi. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, babu allurar da ke mayar da shi. Audugar da wasu ke cusawa ba ta tare komai. Abin rufe kunne na ainihi ake buƙata, mai kofi biyu da ke manne wa kai, ko 'yan robar toshe kunne na masu aikin masana'anta. Alhaji, in ka iya sayen injin, kuɗin wannan ba zai gagare ka ba, kuma haƙƙi ne a wuyanka.

Sai ƙura. Wannan inji an ƙera shi ne don ƙasashen da ciyawa ta rufe ƙasa. Mu namu rairayi ne da tsakuwa. Iskar da ke fita daga bakin bututun tana wuce gudun kilomita 200 a awa, saboda haka ba ganye kaɗai take ɗauka ba: tana ɗaga ƙasa da busasshen kashin awaki da na kaji, tana harba tsakuwa. Tabarau mai rufe gefen ido da takunkumin hanci dole ne, rawani kaɗai bai isa ba. Kowa ya ja baya aƙalla mita 15, musamman yara, don su ne ke bin injin a baya suna kallo. A hunturu dama maƙogwaro a bushe yake saboda hazo, kuma lokacin ne na sanƙarau. Ba mu manta da wanda ya ɓarke a jihar Zinder daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ba. Ba ina cewa injin ke kawo ciwon ba, amma bai kamata mu ƙara wa mutane ƙura a kan wadda Allah ya saukar ba. Na san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, kowa ya san kuɗin garuwa, amma ko ruwan wanki aka yayyafa kafin a fara, ƙurar za ta kwanta. A rage wuta, a sa bakin bututun ƙasa-ƙasa, a ba iska baya. In mai ƙosai ta kafa kasko a ƙofar gida, a jira ta tashi. A Washinton, babban birnin Amurka, an hana amfani da irin wannan injin mai fetur tun farkon 2022 saboda ƙara da hayaƙi. Mu ba mu kai can ba, amma a daina tayar da shi bayan sallar asuba ko da tsakar rana lokacin da maƙwabta ke hutawa.

Yanzu ga abin da ke kawo injin gareji na. Yawancinsu ba su da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya musu mai, kuma wannan man ne kaɗai ke hana fistan cin silinda. Yaro ya je wajen 'yan ruwa-ruwa ya sayo kwalba ɗaya ya juye zalla, kamar yadda ya ga ɗan kabu-kabu yana yi wa babur. Kafin tankin ya ƙare injin ya buga. In na kwance sai in tarar da fistan ya yi zane-zane, ringi ya manne. Wani kuma ya ji an ce a sa mai, sai ya zuba baƙin man mota, har wanda aka juye daga wata motar. Araha ba ta ado: buji ya toshe, salansa ya cika da baƙin kunkunniya, hayaƙi ya turnuƙe mai aiki. Man da ake so shi ne mai alamar 2T. Injuna da yawa suna son kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a lita ɗaya, mililita 100 a lita 5. Wasu masu araha suna son 1 cikin 25, ninki biyu ke nan, kuma galibi an rubuta a jikin tankin ko murfinsa. Kada a auna da ido. A sayi sirinji mai mililita 20 a farmasi a ajiye shi don wannan aikin kawai. A gauraya a cikin jarka a girgiza kafin a zuba, kuma kada a haɗa wanda zai wuce wata guda, don zafin nan namu yana lalata shi da wuri. Fetur ɗin kwalba a tace shi da kyalle mai tsabta.

Ba a zuba wa injin fetur yana aiki ko yana da zafi. A kashe shi ya huce, a zuba a fili nesa da murhun shayi da taba, a goge wanda ya zube, a matsa kamar mita 3 kafin a ja igiya. Mai goya shi ya tuna tankin fetur ne a bayansa, in ya ji sanyin mai a rigarsa ya sauke nan take. Kada a tayar da shi cikin ɗaki ko gareji a rufe, don hayaƙin yana ɗauke da iskar guba da ba ta da wari.

Matacin iska kuwa, takarda za ta ce a duba shi lokaci-lokaci, amma a Damagaram kullum ne. Na soso a wanke shi da sabulu ya bushe sarai kafin a mayar, na takarda a kakkaɓe shi ko a sake sabo. In injin ya fara shaƙewa wasu cire matacin suke su yar, sai ya riƙa haɗiyar rairayi kai tsaye. A kuma share ƙurar da ke maƙalewa tsakanin haƙarƙarin silinda, don ta nan yake shan iska ya huce. In damina ta sauka za a ajiye shi, a juye tankin a bar injin ya yi aiki har ya mutu da kansa, in ba haka ba ragowar man zai daskare a karbureta.

Ga 'yan kasuwar da ke kawo shi, ina roƙonku kada ya bar shago sai kun haɗa da abin rufe kunne da tabarau, kun kuma nemi a turo muku wanda zai riƙa goya shi ku nuna masa awon mai da Hausa.

Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran ƙananan injuna,
Sabon Gari, Zinder.