Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sufeto Janar Na 'Yan Sandan Najeriya: Yaushe Ake Gama "Ana Kan Bincike"?

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta girma, da addu'ar Allah ya taya ka riƙon nauyin da aka ɗora maka. Da ina da hanyar ganinka ido da ido, da ban kawo wannan magana bainar jama'a ba. To amma irinmu ba ma wuce bakin ƙofar Louis Edet House, hedikwatarku ta Abuja, shi ya sa na ajiye takardar inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani na kusa da kai ya miƙa maka.

Ɗan yayata ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ya fita da babur ɗinsa wata safiyar Talata, ya ce wa matarsa zai aiko da cefane kafin azahar. Shekara huɗu ke nan, babu shi, babu babur, babu labari. A makon farko ba inda ba mu taka ba: caji ofis, ɗakin haɗari na asibiti, gidan yari, gidan rediyo don a yi cigiya. Na shiga mutuware har sau uku. Mai gadin wurin yana jawo gawa yana buɗe fuska, ni kuma ina roƙon Allah kada ya zama shi ne, can ƙasan zuciyata kuma wani abu yana cewa da ma shi ne a huta. Akwai abin da nake jin kunyar faɗa amma zan faɗa: har addu'a muka yi Allah ya sa masu garkuwa ne suka ɗauke shi, don su dai suna kira. Wayar uwarsa ba ta yi ƙara ba.

A wani caji ofis da ba zan ambata ba, an rubuta sunansa a littafin kanta, an karɓi hotonsa. Jami'in da aka ba aikin mutumin kirki ne, ya bi mu wurare biyu ko uku. Bayan 'yan watanni aka yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce mu kawo wani hoton, mu sake ba da bayani tun daga farko. Daga ranar zuwa yau amsar ɗaya ce: ana kan bincike.

Yallaɓai, wanda ya mutu an san yadda ake yi da shi. A yi masa wanka da sutura, a sallace shi, a zauna makoki, matarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma ta fita, a raba gado, marayu su san marayu ne. Wanda ya ɓata ba ya barin iyalinsa da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Malamai sun gaya mana hukuncin mafƙudi, wato wanda ya ɓata, a mazhabar Malikiyya, yana nan a cikin Risala: matar za ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta mamaci, ta yi aure idan ta so. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Dokar shaida ta 2011 kuma ta ce sai an shekara 7 ba a ji ɗuriyar mutum ba kafin kotu ta ɗauka ya mutu. Duk hukuncin biyu sun ginu ne a kan cewa an jira an rasa labarinsa. Matar ɗan yayata ba ta kai ƙara ba har yau. Ta ce ranar da ta tsaya gaban alƙali, ranar ta kashe shi da bakinta. Ɗansu na fari, in aka tambaye shi ina babansa, cewa yake ya yi tafiya.

Da na ɗauka rashin gata ne ya jawo mana. Da na zauna na yi lissafi sai na ga masu gatan ma ba su tsira ba. Ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2007, ana gobe zaɓen gwamnoni, aka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Kano, a gaban sahun mutane. Yaran da aka haifa a shekarar sun zama samari, suna sauraron tafsirinsa a waya, kuma babu wanda zai iya nuna musu hukuncin kotu ya ce ga wanda ya yi, ga wanda ya aiko shi. A Nuwamban 2012 aka kashe Janar Mamman Shuwa a gidansa na Gwange a Maiduguri, mutumin da ya jagoranci runduna a yaƙin basasa ya dawo da ransa. Hukuma ta ce Boko Haram ce, wani mai magana da sunan ƙungiyar ya musanta, aka bar mutanen Borno kowa da abin da ya yarda da shi. Ko Bola Ige, wanda yake Ministan Shari'a na ƙasa sukutum lokacin da aka bi shi har ɗakin kwanansa a Ibadan a Disambar 2001, an gurfanar da wasu, kotu ta sallame su, magana ta bi ruwa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sai kuma Abubakar Idris, wanda duniya ta fi sani da Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. A farkon Agustan 2019, cikin dare, wasu mutane suka tare shi yana shiga gidansa a Barnawa, Kaduna, suka tafi da shi a cikin motarsa. Mutum da mota, a tsakiyar babban birni mai shingen jami'an tsaro a kowace mafita. Ba a nemi kuɗin fansa ba. Hukumomin tsaro sun ce ba ya hannunsu. To yana hannun wa? Kowace shekara matasa suna tambaya a intanet, "Ina Dadiyata?", 'yan siyasa suna jifan juna da sunansa in rigima ta haɗa su, kuma lissafin shekara 7 ɗin da doka ta yanka a Agustan 2026 yake cika. Iyalinsa ba takardar kotu suke nema ba.

Ba zan yarda a ce mini ba a iya ba, domin mun ga ranar da aka iya. A Satumbar 2018 Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya ya ɓata a hanyarsa daga Abuja zuwa Bauchi. Sojoji suka bi sawun wayarsa har yankin Du a Jos ta Kudu, suka kafa injuna suka yi ta zuƙe ruwan wani tsohon kududdufin haƙar ma'adinai duk da tirjiyar da aka yi musu, har motarsa ta bayyana. Ƙarshen Oktoba aka ciro gawarsa daga wata tsohuwar rijiya. Allah ya ji ƙansa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba motar janar kaɗai aka ciro daga ruwan nan ba, akwai wasu motocin. Su ma da mutane suka baro gida. Su ma akwai waɗanda suka yi cigiyarsu a rediyo suka gaji. Da janar bai bi ta hanyar ba, da har gobe suna ƙarƙashin ruwa.

Haka a Oktoban 2019 'yan sandan Kano suka bi sawun yaran da ake sacewa a unguwanni har Onitsha, suka dawo da tara, an sauya musu suna da addini, wasu Hausar ma ta kwance musu. A 2021 kotu ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Yarinyar nan 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a Kano a Disambar 2021, daga ranar da ta ɓata zuwa ranar da aka yanke masa hukuncin kisa ba a cika wata 8 ba. Waɗannan aikin jami'anku ne tare da sauran hukumomi, kuma sun cancanci yabo. Sai dai duk wanda ya duba zai ga abin da ya haɗa su: ko dai wanda abin ya shafa babba ne, ko kuma gari ya ɗauki zafi har hukuma ta kasa zama. Mai haya da babur ba shi da runduna a bayansa, kuma ba kullum gari ke ɗaukar zafi ba.

Na san ba duk wannan kaya ne naka ba. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tana da sunayen mutum sama da 20,000 da iyalansu ke nema a Najeriya, mafi yawa daga Arewa maso Gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓata. Wannan waɗanda aka kai rahotonsu ke nan. Daga 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014 har yanzu akwai gommai da ba su dawo ba. A Maiduguri akwai matan Knifar da na Jire Dole, waɗanda suka shafe shekaru suna tambayar inda mazajensu da 'ya'yansu suke tun da aka kama su a samame. A Kaduna, sakataren gwamnatin jiha da bakinsa ya shaida wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya a Mando bayan abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a Disambar 2015. Adadi aka bayar, ba sunaye ba. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi a kan waɗanda ke cikin ramin, kowannensu uwa ce ta haife shi. Najeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta hana ɓatar da mutane tun 2009, kuma kai kana cikin masu zama a teburin da ake tattauna tsaron ƙasa. In ba ka da ikon buɗe ƙofar bariki, kana da bakin tambaya.

Na kuma san halin da mai bincike yake ciki. Na ga wanda yake sayen takarda da biro da kuɗinsa, na ga wanda ba shi da man da zai zuba a mota ya je inda aka yi kisa, har sai masu gawa sun haɗa masa. Kafin ya isa jama'a sun tattake wurin, an ɗauke gawa, an wanke jini, mu ma da namu laifin, don muna gaggawar sutura kuma ba ma son a taɓa mana gawa. Sannan shaida yana tsoron fitowa, don ya ga yadda mai kai rahoto kan kwana a bayan kanta. Duk na yarda. Shi ya sa abin da zan roƙa ba wanda sai an jira kasafin kuɗi ba ne.

Ka ba da umarni a rubuce, a manna a bangon kowane caji ofis da Hausa da sauran harsuna, cewa ba a ce wa mai cigiya ya je ya dawo bayan awa 24. A cikin awannin nan ne yaron da aka sace yake tsallake jiha uku. Kowane rahoto a ba shi lamba, a ba iyali takarda a hannu, sunan ya shiga rajista ɗaya ta ƙasa wadda asibitoci da gidajen yari za su iya dubawa. An tilasta mana haɗa layukan waya da lambar NIN tun ƙarshen 2020, mun yi layi a rana mun ba da yatsunmu goma. Ƙasar da ta iya wannan ba za ta gaza ajiye sunayen 'ya'yanta da suka ɓata a wuri ɗaya ba. Gawar da ba a san mai ita ba kuma, kafin a binne ta a ɗauki hotonta da zanen yatsunta da abin gwajin ƙwayar halitta, a rubuta inda aka sa ta.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta riga ta ce duk wanda aka kama a rubuta shi, a sanar da danginsa ba tare da an karɓi ko kwabo ba, majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata, kai kuma ka riƙa aika wa Ministan Shari'a lissafin kame duk wata uku. Da ana bin wannan sau da ƙafa, da uwa ba ta yi shekara tana neman ɗan da yake kulle a bayan gari ba.

Babban roƙona dai a kan fayil ne. Kada fayil ya mutu don an yi wa mai riƙe da shi canji. A kowace hedikwatar jiha a ware mutane ko da biyar ne, waɗanda ba su da wani aiki sai tsofaffin fayilolin kisa da ɓata, kuma sau ɗaya a shekara kwamishina ya fito ya ce guda nawa ne a hannunsa, nawa aka kai kotu, nawa suka cije. Laifin kisa ba ya tsufa a doka. In an bincika an rasa, a kira iyali a zaunar da su a ce mun bi nan, mun bi nan, ga inda sawu ya ɓace mana. Wallahi za mu karɓi wannan. Ana cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mu a gidanmu mun wuce dubun tun bara waccan.

Yayata takan kira lambar ɗanta duk daren Juma'a, ta ji an ce a kashe take, ta ajiye. Watannin baya sai aka ɗauka. Muryar wani saurayi ce, kamfani ya sake sayar da layin. Ta yi masa bayani, yaron ya yi mata ta'aziyya, ya rasa ko ta'aziyyar ce ta dace, ya koma yi mata jaje. Har yanzu ba ta goge lambar ba. Hoton da muka kai karo na biyu yana nan a caji ofis, ranka ya daɗe, in an neme shi an rasa muna da wani.

Wassalam.

Naka,
Wani kawu daga Arewa