Wasiƙa ga Aminina a Kan Bindigar Farauta

Yelwa, Yawuri,
Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan alhamdulillahi, damina ta yi nisa, Kwara ta cika har ta fara lasar gonakin shinkafa na bakin gaɓa.

Saƙonka ya iso. Ka ce abokan aikinka na jihar Kolorado ta Amurka sun gayyace ka farautar babbar barewar nan tasu da suke kira elk idan kaka ta yi, kuma mai shagon bindigogi ya jera maka lambobi har kanka ya ɗaure. Na ji daɗi ƙwarai da ka tuna da ni, ka tuna cewa ɗan maharbi ne ni kafin in sa kaki.

Lambobin ba su da wuya. Ta farko faɗin harsashi ce a ma'aunin inci. Idan ka ga .30, milimita 7.62 ke nan. Ita .30-06, wutsiyar 06 ɗin shekarar 1906 ce, lokacin da sojan Amurka suka ɗauke ta. .308 Winchester ta fito a 1952, faɗinsu ɗaya, sai dai kwansonta ya fi gajarta, kuma 'yar'uwa ce ga harsashin bindigogin FN da G3 da muka sha riƙewa a bariki. Nauyin harsashi kuma da giren suke auna shi, giren 180 ya kusa giram 12.

Amma kafin in ce maka sayi kaza, bari in tuna maka gwankin Baba. Ba ka je ba, amma kana tsakar gidanmu ranar da muka dawo hannu rabbana. Ina da shekara sha huɗu, ni ke riƙe masa gora da burgami. Albarushi ya yi ƙaranci a wannan ranin, sai ya ɗura wa bindigar tokarsa ɗuri irin na gada. Allah kuma ya kawo gwanki, namiji, ƙahonsa a lanƙwashe baya kamar lauje. Baba ya daɗe a durƙushe yana shawara da zuciyarsa, sannan ya ja kunama. Gwanki ya gantsare, ya shige kurmi. Da muka isa wurin, jinin da ke kan ciyawa baƙi-baƙi ne haɗe da tsakin abinci, ba jan jini mai kumfa na huhu ba. Baba ya lakata da yatsa ya sansana, fuskarsa ta canza. A tumbi ya same shi. Kwana biyu muna bin sawu, a rana ta uku ungulaye ne suka nuna mana inda ya faɗi. Ya zama mushe, ba mai ci. Asarar naman ba ta dame shi ba kamar kwana biyun da dabbar ta yi tana jan hanjinta a daji. Daga ranar har ya rasu ban ƙara ganin ya ɗaga bindiga ga abin da ɗurinsa bai kai ba.

To, namijin elk ya kai gwanki girma, sau da yawa ma ya fi shi, don yakan haura kilo 300. Dokar jiharku ta yarda da bindiga daga .24 zuwa sama, da harsashin da bai gaza giren 85 ba, wato .243 ta shiga. Kada ka saye ta. Ta ƙananan barewa ce, kuma sabon hannu ba ya tare da ƙaramin harsashi a kan babbar dabba. Idan ta ɗan juya, ƙashin kafaɗa ya tare, ka sake haifar da gwankin Baba a ƙasar mutane.

Kada kuma ka biye wa masu cewa sai magnum, wato bindiga mai yawan albarushi da ƙarfin shuri. Na ga abin da shurin bindiga ke yi wa mutum a filin koyon harbi: kurtu ya sha duka biyu uku a kafaɗa, daga nan duk sanda zai ja kunama sai ya runtse ido ya sunkuyar da baki tun harsashi bai fita ba. Shi bai san yana yi ba. Wannan cuta in ta shiga hannu, fitarta sai an sha wahala. Ita kuwa .375 da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, ta ɓauna ce da zaki da giwa, shi ya sa ƙasashen Afirka da dama suka mai da ita mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari mugun nama da shi. Ba ka da aiki da ita.

Ni a ganina ka ɗauki .30-06 da harsashi mai giren 180, ko .308 mai giren 165 in ka ji ta fi kwanta maka a kafaɗa. Duk ƙauyen da ka shiga a can za ka sami harsashinsu. Ka roƙi abokan naka su ba ka nasu ka gwada kafin ka fid da kuɗi. Kuma ka lura da irin harsashin: na soja mai rufaffen kai yakan huda ya wuce da ƙaramin rami, na farauta kuwa kansa buɗewa yake yi a cikin nama kamar lema. Wannan na biyun doka ta ce, shi ne kuma mai saurin kashewa.

Sauran aikin naka ne. Ka kafa faranti irin na cin abinci a nisan mita 100, ka yi ta harbi a durƙushe da kwance, ba a kan tebur kaɗai ba. Sai ka kai shi 200. Nisan da ka daina samun farantin sau biyar a jere, nan ne iyakarka a daji, ko da ƙahon dabbar ya kai rufin ɗaki. Ka jira ta ba ka gefe, ka auna bayan ƙafar gaba kaɗan, ƙasa da tsakiyar jiki, inda huhu da zuciya suke. In ba ta ba ka ba, ƙyale ta ta tafi. Kada ka manta da bisimilla lokacin jan kunama, kuma wuƙarka ta kasance da kaifi a kugu, in ka tarar da sauran rai ka yanka nan take. Ka san hadisin da ya umarce mu da kyautata yanka da hutar da dabba.

Ina rubuta maka wannan zuciyata na sosuwa. Gwanki da ɓauna da suka rage mana a wannan yanki sai a gandun dajin Kainji, inda doka ta hana harbi, kuma daidai ne. Dazuzzukan da su Baba ke kwana a ciki da gora ɗaya, yau ko mai itace tsoron shiga yake saboda 'yan bindiga. Bindigar tokar tana nan rataye a ɗakina, ina shafa mata mai duk shekara, jikokina suna tambayata ta mece ce.

Ka sanar da ni wadda ka saya, ka kuma turo mini hoton farantin bayan harbi biyar na farko, in ga inda hannunka ke karkata. Inna na gaishe ka, ta ce yaushe za ka kawo mata yaran. A gaida uwargida.

Naka har kullum,
Amininka na Yawuri.