Zuwa Ga Uwar Ɗan Fari Da Aka Ce Ba Ta Da Kunya

Assalamu alaikum 'yata,

An karanta mini tambayarki a shirin mata na rediyo, lokaci ya ƙure ban amsa ba, shi ya sa na rubuto. Kin ce surukarki ta zo daga Katsina ta sauka wurinku a Kubwa da ke Abuja, ta ji kina kiran ɗanki na fari da sunansa gatsal, kina ɗora shi a cinya, sai ta ce ku 'yan zamani ba ku da ta ido. Kina son sanin ko kin saɓa wa tarbiyya.

Ba ki saɓa ba. Amma ita ma Hajiya ba son zuciya ne ya sa ta faɗa ba. A gidan da ta tashi, mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, a can za ta haihu, a can za ta yi wankan jego har arba'in. Lokacin yaye ya yi, kaka ce ke ɗauke yaron, sau da yawa ma ba ya dawowa. Uwar ba ta faɗin sunansa, sai dai "wannan yaron", shi kuma ya tashi yana ce mata Yaya ko Adda. To amma fa yaron nan bai rasa gata ba. Kaka na ce masa mijina tana ajiye masa ƙanzo, goggo na goya shi, baffa na tafiya da shi kasuwa. Uwa ta kau da kai ne don ta san akwai hannuwa goma a kansa, ita kuma tana yi wa surukai kara.

Yanzu ki dubi gidanki. Ɗaki biyu da falo na haya, maigida ya fita tun asuba saboda cunkoson hanya, kaka sai ta waya. In kin kau da kai, wa zai duba? Na ga samari da yawa, 'ya'yan fari, da aka yi musu alkunya a gidan da babu kaka. Sukan girma suna ganin ƙannensu ake so, kuma in matsala ta same su, aboki ne ke fara ji, uwa ce ta ƙarshe.

Ta fuskar addini kuwa maganar a fili take. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai, ba za a ji ƙansa ba. Ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab. Alkunyar ɗan fari al'ada ce, mai kyau a muhallinta, ba hukunci ba.

Sai dai kada ki ɗauki hadisin nan ki je ki karanta wa Hajiya. Wallahi ɓata lamarin za ki yi, kuma yaron yana kallon yadda kike amsa wa babba, nan ne zai koyi ladabi ko rashinsa. In tana nan, ki sassauta. Ki nema masa laƙabi, Abba ko Khalifa, musamman in sunan mahaifin maigidan aka sa masa, don a nan kam tana da gaskiya. Ki bar mata shi ya kwana a ɗakinta, ta yi masa tatsuniya, ta tsokane shi. In da abin da za a fahimtar da ita, ɗanta ne zai yi, ba ke ba.

Da hutun makaranta kuma ku riƙa kai shi Katsina ya kwana biyu.

Wassalam,
Uwarki a shirin mata