Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau: A Ceto Kundayen Shari'ar Zamanin En'e Tun Gara Ba Ta Gama Da Su Ba

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya taimaki Sarki, ya ja zamaninsa, ya ƙara masa lafiya da imani.

Bayan gaisuwa da ban girma irin na ɗa ga uba, kuka na kawo fada, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Roƙona shi ne Sarki ya sa baki a tattaro kundayen shari'a na zamanin Turawa da suka shafi ƙasar Zazzau, wato rajistocin kotunan alƙalai da na majalisar Sarki da na gidan yarin En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani, a adana su wuri guda, a buɗe su ga 'ya'ya da jikokin mutanen da sunayensu ke ciki. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a ne domin akwai gidajen da ke riƙe da wani sashe na takardun nan ba tare da sun san darajarsu ba. In suka ji magana ta kai fada, za su buɗe adakokinsu.

Ranka ya daɗe, ɗan gidan sarauta ko ɗan gidan malanta ba ya shan wahalar neman asalinsa. Maroƙa sun haddace nasa, malamai sun rubuta salsalar nasu a bayan littattafai. Amma manomi da ɗan dako da leburan diga da baiwar da ta tsufa a rinji, ƙauyen bayi masu noma, wa ya rubuta ranar haihuwarsu? Wa ya ajiye takardar aurensu? Galibinsu sau ɗaya a duniya wani ya zauna da alƙalami da tawada ya rubuta sunansu da na ubansu da unguwarsu da sana'arsu, har da abin da suka faɗa da bakinsu, wato ranar da aka gurfanar da su gaban alƙali, ko ranar da suka kai ƙara da kansu. Duk mai neman tarihin gidan talaka a Zazzau, ko ya so ko ya ƙi, a ƙofar kotu zai tsinci kansa.

Kuma kotun ba ɗaya ba ce. Bayan da Turawa suka shigo a 1902, musamman da jirgin ƙasa ya iso wajen 1911, Zariya ta zama garuruwa da yawa a wuri guda, kowanne da mai hukunta shi. Mutumin birni, na Kwarbai ko Juma ko Limancin Kona, shari'arsa tana hannun alƙali, in ta yi girma ta wuce majalisar Sarki, wadda ke da ikon yanke hukuncin kisa amma ba a zartarwa sai Gwamna ya sa hannu. Tudun Wada, inda aka sauke baƙi 'yan Arewa, tana ƙarƙashin En'e. Sabon Gari da Bariki kuwa shekaru da dama a hannun Joji, alƙalin Turawa, suke, da dokar Turawa. Ga kuma kotun lardi wadda Razdan, Baturen da ke mulkin lardi, ke zama da kansa, har aka soke irinta a gyaran 1933. Mutum biyu za su yi laifi iri ɗaya a rana ɗaya, tsakaninsu bai wuce tafiyar ƙafa ba, a rubuta ɗaya da Larabci a kundin muhuti, wato magatakardan alƙali, a buga ɗayan da tafireta da Turanci, hukuncinsu kuma ya sha bamban. Saboda haka mai neman kakansa sai ya fara sanin inda kakan yake kwana, kafin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ni a Tudun Wada aka haife ni. Kakan mahaifina baƙo ne, aikin diga ya kawo shi, ya zauna ya yi iyali. Kowa a gidanmu ya san ya taɓa shan ɗauri, amma ba a faɗa sai da murya ƙasa-ƙasa. Gwaggona, Allah ya jiƙanta, ta rayu ta rasu a kan cewa guduwa ya yi daga aikin tilas aka kamo shi. Wani reshe na dangi kuwa cewa suke kaya ya ɗauka a taragon jirgi. Ranar da faɗa ya haɗa matan gida da na maƙwabta, kalmar da ake jefowa ta kan katanga ita ce jikokin fursuna, kuma na ga yadda take sa babbar mace ta shige ɗaki ta kasa cin tuwo. Tsakanin maganar gwaggo da ta ɗaya reshen akwai tazarar da ta kai ta mutunci da rashinsa, kuma layi biyu na rubutun muhuti sun isa su raba gardamar. Gidaje irin namu a Tudun Wada da Sabon Gari da ƙauyukan gefen hanyar jirgi ba su ƙirguwa.

Abin da ya fi damuna, Allah ya taimake ka, shi ne yadda muka gaji kunyar ba mu gaji bayanin ba. Ba na musun cewa a gidan yarin can akwai ɓarayi da 'yan fashi da masu kisan kai, kuma jikokinsu ma suna da haƙƙin sanin gaskiya. Sai dai da yawa daga abin da aka kira laifi a wancan zamani, yau ba wanda zai kira shi haka. Mutum ya kasa biyan haraji a shekarar fari ya bar gari da dare. Bafulatani ya kora shanunsa daji lokacin ƙidayar jangali. Saurayi ya tsere daga aikin hanya, ko daga ɗiban gwamna da aka yi zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, inda sanyi da yunwa da ciwo suka kashe mutane. Mai unguwa ya kawo kuɗin haraji bai cika ba, aka rubuta shi a matsayin wanda ya ci amanar baitulmali, alhali wani lokacin mutanen da aka ƙidaya masa sun riga sun watse. Daga 1950 kuma ga 'yan NEPU da aka riƙa ɗaurewa ana yi musu bulala a kan lacca ba izini ko zargin zagin manya. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama, kuma yau sunanta ake sa wa asibiti. Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da irinta, aka ɗaure su a kan abu ɗaya, jikokinsu har gobe ɓoye zancen suke yi.

Turawa sun hana yanke hannu da jifa, suka ce sun saɓa wa abin da suke kira adalci, amma suka bar bulala da ɗaurin mari da aikin wahala, suka kuma yi amfani da su yadda ya dace da bukatarsu. A 1912 an yi wa wasu akawunan gwamnati, baƙi ne ba 'yan ƙasa ba, bulala a bainar jama'a a nan Zariya saboda ba su faɗi gaisuwa ga Baturen mulki ba. Jaridun Ikko suka ɗauki maganar, ta kai har majalisar dokokin Ingila. An ji kukansu domin sun iya rubuta Turanci, sun san inda za su aika da shi. Namu da aka kwantar a kasuwa aka zane, ba jaridar da ta ambace su. In akwai inda sunansu ya saura, to a kundin muhuti ne da rajistar yari.

Na san abin da wasu manya za su faɗa wa Sarki, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su ce a bar kaza cikin gashinta, domin kundayen nan cike suke da zancen bauta. Gaskiya ne. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma iyayensu ba su fita haka nan ba, sai da aka kai 1936 kafin a soke bautar gaba ɗaya. A tsakanin nan bawa kan yi murgu, wato ya yi aikin kansa yana biyan ubangidansa, ya tara kuɗin fansa, ya je gaban alƙali a ba shi takardar 'yanci. Wata kuma namiji ne ke fansarta don ya aure ta. Sunayen nan suna nan, da na iyayen gijinsu, kuma a garin da har yanzu ake fasa aure saboda binciken asali, takarda irin wannan tana iya zama makami a hannun mara tsoron Allah. To amma maganin wannan ai ƙa'ida ce. A ware abin da ya shafi fansa da zargin zina da musun ɗa, kada a ɗora shi a intanet, kada a ba kowa sai wanda ya tabbatar jininsa ne, ko mai binciken ilimi da ya sa hannu ba zai fitar da suna ba. Ni dai a ganina mutumin da ya yi shekaru yana noma gonar wani da safe, tasa da yamma, har ya tara kuɗin da ya sayi kansa, jikansa ya cancanci ya san irin jarumin da ya haife su. Ƙyale takardun su ruɓe ba zai kashe gori ba, domin masu gori ba su taɓa neman hujja ba.

Akwai kuma maganar da ta fi nauyi a bakina, ina neman afuwa kafin in faɗe ta. Kundayen nan ba Turawa kaɗai za su nuna ba. Dogaran da suka yi kamu da 'yan dokan da suka yi rakiya da hakiman da suka tara lebura, na En'e ne, kuma En'e a fada take. Za a ga adalci a ciki, alƙalin da ya ƙwato wa marainiya gadonta daga hannun mai ƙarfi, za a kuma ga akasin haka. Amma in akwai gidan da ya san zafin a yanke maka hukunci a bar labarinka a bakin masu ƙararka, to gidanku ne. Kakanku Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau a 1903, Turawa suka tuɓe shi a 1920 suka kai shi Lakwaja, can ya rasu, can kabarinsa yake, kamar yadda aka yi wa Sarki Kwasau kafin shi. Mafi yawan abin da aka rubuta game da tuɓe shi, waɗanda suka tuɓe shi ne suka rubuta. Sa'ar da ya yi ita ce shi malami ne kuma mawaƙi, ya bar muryarsa a rubuce. Kakannin talakawanku ba su bar waƙa ba. Kuma Sarki ya karanta shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello, ba sai an gaya masa darajar rubutaccen bayanin kotu ba.

Ɓangaren Turawa na takardun, rahoton Razdan da na Di'o da wasiƙun lardin Zazzau, yana ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, wasu kuma a cibiyar binciken tarihi ta Arewa House. Waɗannan suna da masu kula da su, sai dai yawanci jimla suke bayarwa, an ɗaure mutum kaza, an ci tarar fam kaza. Sunayen suna cikin kundayen Larabci, kuma su ne suka zama marayu. Da aka karɓe kotuna daga hannun En'e a 1968 suka koma na gwamnatin jiha, gidajen yari suka koma na tarayya, takardu sun rarrabu. Wasu sun bi ginin, wasu sun bi alƙalin zuwa gidansa, wasu suna fada.

Na ga irin wannan kundi da idona a wani tsohon sito da ba zan ambaci wurinsa ba. An ɗora shi a ƙasa, ƙarƙashin karyayyun bencina. Bangonsa na fata ya bushe ya nannaɗe, tawadar ta koma ja-ja, rubutun irin na allo ne, mai kyau, kowace shari'a an ja mata layi a ƙasa, ga hatimi a gefe. Gara ta shiga ta gindin ɗinkin ta yi hanya har sama, ta cinye farkon kowane layi, inda ake rubuta wane ɗan wane ya kawo ƙarar wane. Hukuncin yana nan ana karantawa, mai hukuncin ya tafi. Da na ɗaga shafi, gefensa ya zubo mini a tafin hannu.

Kano ta nuna abin yana yiwuwa. Kundin majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 ya tsira, wani masani, Allan Christelow, ya fassara wasu shari'o'i daga ciki aka buga a 1994, kuma har yau masu bincike na ɗibar rikicin gona da gado da fansa da kisan kai daga cikinsa. Zazzau ba ta gaza Kano alƙalai ba, ga jami'a a Samaru da Kongo, ga malaman zaure a Kona da Juma waɗanda ke karanta irin wannan rubutu ba tare da sun yi tuntuɓe ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin fada ba. Sarki ya umarci hakimai, daga Soba zuwa Maƙarfi da Ikara da Giwa da sauransu, su bincika tsofaffin kotuna da gidajen zuriyar alƙalai da muhutai su kawo rahoton abin da ya rage. Wanda ba ya son rabuwa da na gidansa kada a tilasta masa, a ɗauki hoto a mayar masa da kayansa. Abin da ke hannun gwamnati kuma, wasiƙa ɗaya daga Sarki zuwa ga Babban Jojin Jihar Kaduna da Alƙalin Alƙalai da hukumar gidajen gyaran hali za ta buɗe ƙofar da irina zai shekara yana ƙwanƙwasawa. Aikin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne jerin sunaye da boko, suna da sunan uba da unguwa da shekara, domin ba kowane jika ke karanta Larabci ba. Ɗaliban tarihi da na Larabci za su iya, in aka haɗa su da malaman zaure aka biya su haƙƙinsu. Sai a ba aikin ɗaki ɗaya a cikin birni, inda mutumin Tudun Wada zai hau Keke Napep ya je ya tambaya.

Ina kuma roƙon a gaggauta aika matasa da na'urar ɗaukar magana wurin tsofaffin da suka ga ƙarshen zamanin En'e, tsofaffin 'yan doka da masinjojin kotu da waɗanda aka ɗaure a siyasar farko. Wanda yake saurayi a 1960 yau ya haura tamanin. In Sarki ya yarda, a fara da su da kuma kundayen da ke ƙasa a sito kafin damina mai zuwa.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.

Naku mai biyayya,
Wani talakanku daga Tudun Wada, Zariya.