A kula da yadda ake ɗaura majanyin tayar da majinyaci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai albarka domin in ja hankalin masu jinya game da na'urar tayar da majinyaci tsaye da majanyin da ake ɗaura masa, wato ƙyallen da ke tallafe bayansa yayin da na'urar ke ɗaga shi.

Wannan na'ura ba ta kowa ba ce. Sai wanda ƙafafunsa ke iya ɗaukar wani kaso na nauyinsa, yake iya zama da kansa, kuma yake fahimtar umarni. Wanda bai kai haka ba, na'urar da ke ɗaga mutum gaba ɗaya ce ta dace da shi.

Da mahaifina na koyi wannan, bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ran farko na ɗaura majanyin sako-sako, ana fara ɗagawa ya zame ya shige hammatarsa, na ga ya runtse ido ya ciji leɓe, bai ce uffan ba. Har yau abin yana damuna. Daidai shi ne a shimfiɗa majanyin a ƙasan baya, a ɗaure ɗamarar ta kama jiki ba tare da ta hana numfashi ba, sannan a maƙala madaukansa masu tsawo ɗaya a jikin na'urar, dama da hagu. Tafin ƙafa ya zauna daram a kan farantin na'urar, ƙwauri ya jingina da matashinta, hannu ya riƙe mariƙi, majinyaci ya ɗan kishingiɗa baya.

Kafin kowane amfani a duba ɗinki da iyakar nauyin da aka rubuta a jikin majanyin. Majanyin da zarensa ya fara warwarewa a ajiye shi nan take.

Wassalam,
Wata mai jinyar mahaifinta