Malama, ga amsar tambayarki kan fim ɗin Solaris

Assalamu alaikum Malama, ina gaisuwa, ya ɗalibai ya mutanen gida, da fatan kowa lahiya.

Tambayar da kinka yi mini ranar nan a rediyo lokaci ya ƙare ban samu na amsa ki yadda ya kamata ba, kuma mutane sun ji, shi ya sa na ce bari in rubuta a sarari kowa ya karanta. Kin ce mi ya sa nike tara samarin Tawa a fada, wato majalisarsu ta hira, ina nuna musu fim ɗin da mutum ke soyayya da wata halitta mai kamar matarshi da ta mutu, ya fara da baƙin ciki ya ƙare da baƙin ciki, kuma ni da bakina ina cewa akwai fansa a ciki, wato kankare laifi. Kin ce ina fansar take tunda matacce ba ya dawowa.

Ba ya dawowa Malama, wannan ba ni da ja, Suratul Mu'minun aya ta 99 da ta 100 ta riga ta rufe wannan ƙofa. Amma fim ɗin ma bai ce yana dawowa ba, kuma duk maganata a nan take.

Bari in ba waɗanda ba su gani ba labarin a gurguje. Asalinshi littafi ne na Stanisław Lem ɗan ƙasar Folan, ya fito 1961. Wanda na nuna shi ne na Andrei Tarkovsky na 1972, zamanin Tarayyar Sobiyat, yana ɗaukar kusan awa uku kuma ya ci babbar kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Kan a Faransa wannan shekarar. Amurkawa sun sake yin nasu a 2002 da George Clooney, ya fi gajarta da sauƙin kallo amma ni na Rashan ya fi zauna mini. An tura Kris Kelvin, masanin halayyar ɗan adam, wata tashar bincike da ke shawagi bisa wata duniya da teku ya lulluɓe, tekun kuma kamar yana da hankali, yana shiga kan mutum in yana barci ya zaro abin da ya fi ci mishi rai ya yi ma abin jiki ya aje mishi cikin ɗaki. Kelvin ya farka ya ga Hari zaune, matarshi da ta kashe kanta shekara 10 da sunka wuce bayan ya tahi ya bar ta.

To mi ya fara yi? Bai rungume ta yana kuka ba. Lallaɓa ta ya yi ya sa ta cikin roka ya harba ta sararin sama don ya rabu da ita. Wallahi wajen nan duk sanda na kalla sai jikina ya mutu, don abin da ya yi mata tana raye shi ne ya sake, ya ga nauyi ya gudu. Sai ga ta ta sake bayyana, ba ta ma san an yi haka ba.

Akwai wani ɗan abu da nike so ki lura da shi in kin kalla. Rigar da ke jikinta tana da igiyoyi kamar na ɗaurewa amma ba ta da wajen buɗewa, sai da ya yanka ta sannan ta cire. Tekun daga kan Kelvin ya kwafo ta, shi kuma kamannin rigar kawai ya riƙe, bai taɓa kula da yadda ake sa ta ba. Haka ita kanta Hari ɗin, abin da ya sani game da ita shi kaɗai ke cikinta, abin da bai taɓa tambaya ba babu shi. Ba ta iya zama minti kaɗan ba tare da shi ba, har ƙofar ƙarfe ta fasa da hannunta ta ji ciwo don ya fita ya rufe, saboda haka ya riƙe ta a ranshi, mace mai manne mishi. Mu mutanen Adar bai kamata wanga abu ya yi mana nisa ba, mutum ya tahi biɗa Abijan ko Libiya ya yi shekaru yana ɗauke da matar da ya bari cikin kanshi, ya dawo ya iske mace da ta yi noma ita kaɗai ta yi jinyar yara ta bizne wani, shi kuma yana ta magana da waccan ta cikin kanshi yana mamakin mi ya sa ba su jituwa.

Daga nan ne fim ɗin ya yi abin da ya sa nike nuna shi. Wagga Hari ta biyu ta fara zama ita kanta. Ta kalli hoton matar ta fari ta kalli madubi, ta fara tambaya ni wace ce, ta koyi barci, ta koyi zama ita kaɗai ko da da wahala. Ɗaya daga cikin masu binciken, Sartorius, ya gaya mata a ido cewa ita kwafi ce kawai, ba mutum ba, jikinta ma ba irin namu ba ne, da wasu ƙwayoyi da ake kira nutirino anka gina shi. Ita kuma ta tsaya gabansu ta ce tana zama mutum kuma tana jin ciwo kamar kowa. Kelvin a wannan karon bai gudu ba. Ya kira ta matarshi gaban abokan aiki, ya zauna da ita yana sane sarai cewa ba za ta iya bin shi gida ba, ba haihuwa ba zuri'a ba wanda zai ce mishi sannu. A ƙarshe yana kwance zazzaɓi ya kada shi ta roƙi masu binciken su kashe ta da na'urarsu, ta bar mishi takarda.

Yanzu ga inda nike ganin fansa, kuma ke kin fi ni sanin wanga fanni. Malamai irin su Imamu Nawawi sun ce tuba na da sharaɗi uku, ka bar laifin, ka yi nadama, ka ƙudurce ba ka komawa, in kuma haƙƙin wani ne a ciki sai na huɗu, ka mayar ma mai haƙƙi haƙƙinshi ko ka nemi ya yafe. Kelvin ya samu ukun farko, mutumin da ya gudu sau biyu ya zama mai tsayawa, kuma ya tsaya a inda babu riba ko ta dala. Amma na huɗun ya gagare shi, don wadda ya zalunta tana ƙasa, wagga da ke gabanshi ba ta da ikon yafewa a madadinta. Fim ɗin bai yi mishi rangwame ba ko kaɗan. Fansar da ya samu rabi ce, ya gyaru amma bashin na nan, kuma ni ban san wani fim na soyayya da ya faɗi wagga gaskiya da ƙarfi haka ba. Mu Allah ya ba mu addu'a da sadaka da kyautata ma dangin mamaci, shi cikin fim ɗin ko ɗaya ba shi da, shi ya sa ƙarshen ke da nauyi haka.

Ƙarshen ma mutane na fahimtarshi a karkace. An nuna Kelvin ya koma gidan babanshi ya durƙusa gabanshi a bakin ƙofa, sai kyamara ta yi sama ta yi sama ka ga ashe gidan tsibiri ne tsakiyar tekun nan, tun da farko ma ruwa na zuba cikin ɗaki bisa tsohon bai ko motsa ba. Wasu samarin sun ce ai ya samu salama. Ni na ce musu a'a, ya zauna ne cikin abin da ya tuna, kuma wannan abin tsoro ne ba abin sha'awa ba.

Kin ce kuma mi ya hana in nuna irin namu. Irin namu yawanci da biki yake ƙarewa, in kuma mamaci ya bayyana to mafarki ne ko aljani, a kira malam a yi ruƙiyya magana ta ƙare. Fim ɗin kimiyya ne kaɗai zai aje ma mutum laifinshi da jini da tsoka a gefen gado ya hana shi hanyar kuɓuta. Kuma soyayya mai ƙarewa da hawaye ba baƙuwa ba ce a sinimarmu, marigayi Mustafa Alasan da ya zauna nan Tawa shekaru da yawa kafin rasuwarshi a 2015 ya yi fim ɗin Toula a farkon shekarun 1970, fari ya yi tsanani anka ce sai an ba da budurwa ga aljanin ruwa, saurayin da ke son ta ya tahi neman ruwa don ya cece ta, ya dawo ya iske an riga an yi.

Inda na yarda da ke ɗari bisa ɗari shi ne zancen kashe kai. Haramun ne, kuma fim ɗin yana da shi fiye da sau ɗaya, don haka ba na barin yara ƙanana su zauna, kuma ba na kashe na'ura in ce sai da safe ba tare da an tattauna ba. Shi Lem ɗin ma bai ji daɗin yadda anka mayar da littafinshi labarin soyayya ba, damuwarshi ita ce ɗan adam ba zai iya fahimtar wata halitta da ba irinshi ba, to kin ga ba ke kaɗai ke da ƙorafi ba.

Roƙona Malama, in za mu sake kallo ki zo ki zauna da mu, in an gama ki yi ma samarin nan bayani kan haƙƙin mata da haƙƙin mamaci, don da yawansu aure za su yi bana ko baɗi su kama hanyar biɗa, kuma wannan ɓangaren bakinki zai fi nawa shiga.

Na gode, a gaida mai gida.

Ƙaninki a Tawa.