Godiya ga wani shagon gyaran kyamara a Titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum, maigida da yaran shago.

Na zaɓi in yi wannan godiyar a bainar jama'a, don abokan sana'ata masu ɗaukar hoton biki su ji.

A ƙarshen daminar bara na kawo muku babban gilashin kyamarata, hankalina a tashe, saboda hotunan wani kamu sun fito dishi-dishi. Maigida ya haska shi da tocila, sai ga zare-zare farare a ciki kamar saƙar gizo. Fumfuna ce. Sakacina ne: duk watan Agusta jakar kyamarar tana ƙasan wadrob, a rufe, cikin duhu, da laimar ruwan da ya taɓa dukanta. Kuka kwance shi kuka wanke tsaf, kuka kuma gaya mini da na ƙara jinkiri da ta ci fuskar gilashin, tabon ba ya goguwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba ku karɓi kuɗi kun sallame ni ba. Maigida, ka ba ni kujera, ka nuna mini yadda zan haɗa ma'ajiya da kuɗi kaɗan: roba mai murfin da iska ba ta shiga, ƙwayoyin silika masu shanye laima irin na cikin kwalin sabon takalmi, da ɗan agogon auna laima. Ka ce in riƙe laimar cikin robar tsakanin kashi 40 zuwa 50, don in ta haura 60 fumfuna ta samu gida. Shuɗiyar silika kuwa, in ta koma ruwan hoda ta ƙoshi, sai a gasa ta a mayar. Wallahi wannan karatu ne da zai rage muku masu kawo gyara, amma ba ku yi rowarsa ba.

Da zafin Afrilu ya zo na tuna ɗan littafin da kuka buɗe mini, inda aka rubuta digiri 40 ne iyakar aikin kyamarar. Na daina barinta a mota, batura ma a inuwa suke. In zan fito daga ɗaki mai sanyin na'ura, sai in bar ta cikin jaka a zuge har ta saba da iskar waje, gilashi ya daina yi mini gumi.

Daminar bana ta wuce, na haska tocila, babu zare ko ɗaya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya yi wa yaranku albarka.

Naku,
Mai ɗaukar hoto daga Fagge